A kasuwar Maigatari kowa "eh" ya ce min

Ranar Alhamis na shiga kasuwar Maigatari da takardun tambayoyi, aikin makaranta ne aka ba mu. Ka yarda a yi wa ɗanka rigakafi? Eh. 'Ya mace ta gama sakandare kafin aure? Nan ma eh, har da murmushi. Ina ta murna, sai wani dattijo mai sayar da igiya a kara ya ankarar da ni cewa baƙon da ya zo da biro a hannu ba a ce masa a'a. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Masu manyan bincike sun daɗe da sanin wannan. A binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2018, wanda aka tattauna da mata sama da 41,000, ba a tsayawa kan "eh" ɗin uwa. Sai an nemi ganin katin rigakafin yaron, in babu sannan a dogara da abin da ta tuna. Da aka tattara, kashi 31 cikin 100 kacal na yara 'yan wata 12 zuwa 23 ne suka samu dukkan muhimman allurai.

Da irin waɗannan alƙaluma ake tsara inda za a kai magani da ma'aikata. In kunya ta sa kowa ya ce lafiya lau, asibitin ƙauyen Gagarawa ko Sule Tankarkar ne zai jira.

Mu kuma a Facebook, mutum ɗari masu data sun danna, sai mu rubuta "ra'ayin mutanen Gumel". Matar da ta haihu a gida jiya ba ta ma ga tambayar ba.