Kalmar "Tuba" a Bakin Kiristocin Yola da Jimeta

Gabatarwa

A wannan ɗan rubutu zan jawo hankalin 'yan'uwana ɗaliban harshe ga yadda Kiristocin Yola da Jimeta ke amfani da kalmar "tuba". Duk da cewa Yola cibiyar Fulani ce, Hausa ce ke haɗa Bacama da Kilba da Margi da Camba a yawancin majami'un Jimeta. Wannan ya samo asali tun zuwan 'yan mishan. Dokta Niels Bronnum ɗan ƙasar Danmak ya isa Numan a 1913, kuma daga aikinsa ne cocin LCCN ta tsiro. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Miller na Zariya ya taka rawa sosai a cikinsa.

Asalin Kalmomin

Masu fassara sun tarar da kalmomin tuba da zunubi da gafara a bakin Hausawa, dukkansu kuwa aro ne daga Larabci ta hanyar Musulunci. Tushen "tuba" a Larabci shi ne komowa. Kalmar Ibraniyanci da ke Tsohon Alkawari ita ma komowa take nufi, ta Girkanci kuwa da ke Sabon Alkawari tana nufin sauya tunani. Ke nan aron ya dace.

Yadda Ake Tuban

A fahimtata, matakai uku ne. Na farko, mutum ya yarda ya yi laifi, ya yi nadama. Misalin da aka fi kawowa shi ne na Dauda bayan Natan ya tsawata masa kan matar Uriya, wanda Zabura ta 51 ke ɗauke da kukansa. Na biyu, ya furta laifin. A nan ɗariku suka bambanta. Ɗan Katolika da ke zuwa babbar majami'ar St. Theresa a Jimeta yakan furta a asirce gaban fada, musamman a azumin kwana 40 da ke farawa ranar Larabar Toka. A wasu ɗarikun mutum kan roƙi Allah kai tsaye, amma in laifin ya fito fili dattawa kan sa shi a horo, a hana shi Jibin Ubangiji sai ya gyara hali. Na uku shi ne mayar da haƙƙi, kamar yadda mai karɓar haraji na Luka sura ta 19 ya yi alkawarin biyan waɗanda ya cuta ninki 4. Wanda ya tsallake wannan mataki, tubansa tuban muzuru ne.

Inda Ma'ana ta Sha Bamban

Musulmi da Kirista duk suna cewa "Allah ya gafarta mana", sai dai Kirista ya yi imani cewa gafarar tana zuwa ne ta mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye, ya kuma kira ta "alheri", wato kyautar da ba a cancanta ba. Haka nan ana koya masa cewa mai neman gafarar Allah dole ya yafe wa wanda ya cuce shi. Wannan koyarwa ta fuskanci jarrabawa a 2014, lokacin da Boko Haram ta kama Mubi, dubban mutane suka gudo Yola, majami'ar St. Theresa ta zama sansaninsu. A 2021 Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe gidajen da aka gina wa 'yan gudun hijira a Sangere-Margi, har da masallaci domin Musulmin cikinsu.

Kammalawa

Akwai wani tarko kuma. A Hausar yau da kullum "ya tuba" na iya nufin ya sauya addini, shi ya sa "tubabbe" kan yi wa wasu zafi. Saboda haka duk wanda zai yi fassara ko tafinta a cikinmu, ya fara tambayar kansa: wa ke magana, kuma wane tuba yake nufi?