Jini da Laka: Wa Ke Riƙe da Wa?

Manomi yana tsakiyar noma a gonarsa da ke bayan Gafasa, sai ya taka ƙaya. Kafin ya ce "wash!" ƙafar ta riga ta ɗaga. Daga baya jini ya tsattsafo, can kuma ya daskare ya toshe wurin. Ma'aikata biyu ne suka yi wannan aiki, kowanne da hanyarsa: jijiyoyin laka masu kai saƙo, da jijiyoyin jini masu kai abinci da iska.

Masu kai saƙon su ne gwanayen sauri. Da ɗan lantarkin da jiki ke samarwa suke aiki, a wasunsu saƙo kan ci fiye da mita 100 a daƙiƙa guda. A batun ƙayar nan ma ba a jira ƙwaƙwalwa ba. Saƙon ya tsaya a lakar gadon baya, nan aka ba ƙafa umarni, sannan labari ya isa kai aka ji zafi.

Jini ba ya irin wannan gaggawa. Babban mutum yana ɗauke da kusan lita 5, zuciya kuwa tana bugawa kimanin sau 100,000 a kwana guda, tana tura shi ya zaga jiki ya dawo cikin kusan minti ɗaya idan ana hutawa. Ibn al-Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira kuma ya rasu a 1288, shi ya bayyana cewa jini kan ratsa huhu kafin ya koma zuciya. William Harvey na Ingila ya fito da cikakken zagayen a 1628.

Bambancin da ya fi damuna shi ne na gyaruwa. Jajayen ƙwayoyin jini kwana 120 suke yi su mutu, ɓargo ya ƙera sababbi. Shi ya sa wanda ya ba ɗan'uwansa leda guda a asibiti yake mayar da abinsa cikin 'yan makonni. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da na laka kuwa, mafi yawansu in sun mutu sun tafi ke nan. Mutanen Kano sun ga haka a shan inna: cutar takan kashe ƙwayoyin lakar da ke ba ƙafa umarni, sai ƙafar ta shanye alhali jini yana zuwa mata. A Sumaila aka ga mutum na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a jihar, a 2014, amma waɗanda ta taɓa suna nan tare da mu.

To, wannan ɓangare mai wuyar gyara, a hannun jini rayuwarsa take. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma ita ke shanye kusan kashi 20 na iskar da jini ke rabawa, kuma ba ta da ajiya. Kamar gonar rani ce da injin ban-ruwa: bututu ya toshe ko ya fashe, shuka ce ke bushewa. Wannan shi ne shanyewar ɓarin jiki. Ɓarnar a jijiyar jini take, alamar kuma a hannu da baki da magana. Idan ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ya taɓu, ɓarin dama ne ke mutuwa, domin jijiyoyin sun gitta juna. Babban mai jawo shi hawan jini ne, wanda kan yi shekaru ba ko ciwon kai.

Har yanzu idan dattijo ya yanke jiki ya faɗi bakinsa ya karkace, wasu kan ce bugun aljani ne ko jifa, a kwana ana hayaƙi. Addu'a ba ta hana ɗaukar mara lafiya a mota. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa cikin mintuna suke fara mutuwa, don haka a garzaya Babban Asibitin Gaya, in ta kama a wuce ta Wudil zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Kafin a kai ga haka, duk wanda ya manyanta a Gafasa da kewayen Ajingi ya riƙa zuwa awon jini. Idan awo ya yi ta nuna 140/90 ko sama, a ga likita, a rage gishiri da magi a miya, kuma kada a ajiye magani don an ji sauƙi.