Gayyar Ɗinkin Bargo a Amurka

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tela yana aiki, ya ga 'yan guntayen yadi suna zuba ƙarƙashin keke. Wannan ja, wannan shuɗi, wancan mai zanen furanni. Galibi akan share su a zubar, ko kuwa yara su kwasa su yi wa 'yartsana riga. To, akwai ƙasar da ba a raina irin waɗannan ƙyallaye. A Amurka mata sukan tara su, su yi ta haɗa su ɗaya bayan ɗaya, har su zama bargo babba mai kyaun gani. Da Turanci ana ce da shi kwilt, mu kuwa bari mu kira shi bargon ƙyallaye. Masu son wannan ɗinki sukan keɓe kwana biyu ko uku a ƙarshen mako, su bar gidajensu, su taru wuri ɗaya, ba su da wani aiki sai shi. Labarin wannan taro za mu karanta yau, mu ga yadda ake yinsa, da dalilin da ya sa ake yinsa.

Yadda bargon yake

Amurka ƙasa ce mai sanyi ƙwarai da hunturu, tun ba arewacinta ba. Ɗarin da muke kuka da shi nan wasa ne in an gwada da nasu, gama can ruwa kan daskare ya zama ƙanƙara, har mutum ya taka tafki da ƙafa. Saboda haka gidan da ba shi da barguna masu kauri yana cikin wahala.

Bargon ƙyallaye hawa uku ne. Na sama shi ne fuska, watau ƙyallayen nan da aka haɗa. Na tsakiya auduga ce mai laushi, wadda aka shimfiɗa ta yi bai ɗaya. Na ƙasa kuwa shafi ne, kamar shafin babbar riga. In an jera su ukun, sai a bi su da ɗinki ƙanana ƙanana, allura tana huda su duka. Amfanin wannan ɗinki shi ne ya riƙe audugar, don kada ta dunƙule gefe guda in an wanke bargon. Ɗumin kuma daga audugar yake, domin iskar da ke maƙale a cikinta ba ta barin zafin jikin mai barci ya fita da sauri.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. Wanda ya kalli hawan salla a Kano, ko Katsina, ko Zariya, ya ga 'yan lifidi, su da dawakinsu duk a rufe. Lifidin nan haka ake yinsa: tufa sama, tufa ƙasa, auduga a tsakani, sa'an nan a bi shi da ɗinki. Kakanninmu sun yi shi don tsare kibiya, matan Amurka kuwa don tsare sanyi.

Abin da ya sa ake gayya

Bari mu yi ɗan lissafi, ku ga yawan aikin. A cikin zane-zanen bargon akwai wani mai sauƙi, wanda shi akan fara koya wa yara. Akan ɗauki ƙyalle tara masu kusurwa huɗu, a jera su uku uku, a ɗinke. Su taran nan sun zama gida ɗaya. In ko wane ƙyalle inci 4 ne, gidan zai zama inci 12, watau ƙafa ɗaya tsawo, ƙafa ɗaya faɗi. Bargon da zai rufe gado yana bukatar kamar ƙafa 6 a faɗi, ƙafa 7 a tsawo. Gida 42 ke nan. In kun riɓa 42 sau 9, za ku sami ƙyalle 378, ko wanne kuwa sai an auna shi, an yanke, an ɗinke. Bayan wannan duka ga sauran aikin bin hawa ukun nan da allura.

Mace ɗaya, ga girki, ga reno, ga aikin gona, sai ta yi watanni ba ta gama ba. Don haka matan ƙauyukan Amurka na zamanin da suka yi abin da manomanmu ke yi in noma ya fi ƙarfin mutum ɗaya, watau gayya. Ko wace mace takan haɗa fuskar bargonta a gida, a hankali, da dare ko lokacin da ƙanƙara ta hana fita. In ta gama sai ta aika wa maƙwabta. Ran da aka sa, su zo da alluransu. A ɗaure bargon jikin katako huɗu da aka haɗa kamar gado, ya miƙe sosai, su kewaye shi su zauna, ko wacce tana ɗinka gabanta. In sun gama inda hannu ke kai, a naɗe gefen, su matso ciki. Aikin da zai ci wa mutum ɗaya watanni, sai ga shi an gama cikin yini ɗaya ko biyu. Mai gida ta ciyar da su, gobe kuma ita ma ta je ta wani gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin sha'awa, kalmar da suke kiran wannan gayya da ita, ita ce dai kalmar da suke kiran ƙudan zuma.

Daga baya al'amura suka sake. Aka ƙago keken ɗinki: Elias Howe ya sami takardar shaidar nasa a 1846, Isaac Singer kuma a 1851. Masaƙu suka yi yawa, bargon kanti ya yi araha, mutane suka yi ta ƙaura zuwa birane. Sana'ar ta ja baya, har wajen 1976, shekarar da Amurka ta yi bikin cika shekara 200 da samun mulkin kai. Lokacin nan mutane da yawa suka waiwayi ayyukan kakanninsu, ɗinkin bargo ya sake farfaɗowa. Amma maƙwabta ba su zaune kusa da juna kamar da, kowa kuma yana da aikin ofis ko na masana'anta. Shi ya sa aka koma yin gayyar a ranakun hutu.

Daga Juma'a zuwa Lahadi

A Amurka ranakun Asabar da Lahadi su ne na hutu. Ƙungiyar masu ɗinki takan kama wani gida a bayan gari, inda ba hayaniya, mai ɗakunan kwana da babban zaure. Ko wacce ta biya kuɗin kwana da na abinci. Galibin masu zuwa mata ne, daga 'yan mata har tsofaffi, ko da yake akan sami maza jefi jefi.

Ran Juma'a da la'asar sai su fara isowa, ko wacce da kekenta na lantarki, da buhun ƙyallaye, da zare, da almakashi. Akan ba kowa tebur. A gefe ga wurin guga, ga wurin yanka. A jikin bango kuma akan kafa wani yadi mai gashi gashi, wanda in an manna masa ƙyalle ba ya faɗuwa. Nan mai ɗinki za ta jera gidajenta, ta ja da baya ta duba, ta ga ko launukan sun dace, tun ba ta ɗinke su ba.

Asabar ita ce ranar aiki sosai. Tun da safe ba ka jin komai sai ƙarar kekuna da hira. Yanzu ba su cika yanka da almakashi ba. Akwai wata wuƙa mai siffar kwabo, tana juyawa kamar ƙafar keke, wadda kamfanin Olfa na ƙasar Japan ya fito da ita a 1979. Da ita ana iya yanka yadi ninki huɗu gaba ɗaya. Tana da kaifi ƙwarai, don haka dokar zauren ita ce, duk wadda ta gama yanka ta rufe bakin wuƙar kafin ta ajiye.

Abu na farko da akan koya wa baƙuwa shi ne awo. Ko wane ɗinki yana cin rubu'in inci daga bakin ƙyalle. Saboda haka in ana son ƙyalle ya fito inci 4, sai a yanka shi inci huɗu da rabi. Kada ku ce wannan ƙaramin abu ne. A bargon da muka lissafta ɗazu akwai ƙyalle 18 a ko wane layi. In ko wanne ya gaza da kashi ɗaya cikin takwas na inci, layin zai gaza da inci biyu da rubu'i, ya ƙi haɗuwa da ɗan'uwansa. Wadda ta yi gaggawa, ita za ta zauna tana warware ɗinki, 'yan'uwa suna ci gaba.

A nan ne amfanin taron ke fitowa. Wadda kekenta ya cije, ta kusa da ita ta duba mata. Wadda shuɗin ƙyallenta ya ƙare, wata ta buɗe buhu ta ba ta. Tsohuwa ta kama hannun yarinya ta nuna mata yadda ake riƙe allura, da yadda ake ɓoye ƙullin zare cikin auduga. Irin wannan sani a hannu yake, da ido ake ɗaukarsa. Da dare bayan an ci abinci, ko wacce takan tashi ta ɗaga aikinta kowa ya gani, ta faɗi wanda take yi wa: jika sabon haihuwa, ko 'ya mai shirin aure. Ƙungiyoyi da yawa kuma sukan haɗa hannu su yi bargo na sadaka, a kai wa yara marasa lafiya a asibiti, ko mutanen da gobara ta cinye wa gida.

Ran Lahadi da rana sai a share zaure, a tsince allurai, a yi ban kwana. Wata ta gama fuskar bargonta, wata rabi ta yi. Amma ba wadda za ta koma gida ba ta ƙaru da wani abu ba.

Matan Gee's Bend

Don ku san darajar sanin da ake miƙawa daga hannu zuwa hannu, ga labarin wani ƙauye a jihar Alabama, kudancin Amurka. Ana kiransa Gee's Bend, domin kogin Alabama ya lanƙwasa ya kusa kewaye shi, kuma wani mai suna Joseph Gee ya kafa gandun auduga a wurin a 1816. Mutanen ƙauyen baƙaƙen fata ne, jikokin bayin da suka yi noma a gandun. Bayan an hana bauta suka ci gaba da zama cikin talauci, a ɗakunan katako da iska ke shiga ta ko'ina. Ba su da kuɗin sayen bargo. Sai matan suka riƙa farke tsofaffin wandunan aikin mazansu, da buhunan gari, suna yin barguna. Uwa ta koya wa 'ya, 'ya ta koya wa jika, suna ɗinki tare suna waƙa.

A 1966 matan wannan yanki suka kafa ƙungiyar haɗa kai, suka fara sayar da bargunansu, kuɗin ya taimaki gidaje da yawa. A 2002 aka baje bargunan Gee's Bend a babban gidan nuna zane-zane na birnin Houston, daga nan aka zaga da su wasu birane, mutane suka yi ta mamakin kyaunsu. A 2006 gidan waya na Amurka ya buga kan sarki iri 10 da hotunan bargunan. Har ta kai mutane suna tahowa daga nesa, su kwana biyu ko uku a irin taron nan da muka bayyana, don kawai su zauna kusa da matan ƙauyen su koyi ɗinki. Ku duba fa, tsumman da aka raina ne ya kai sunan ƙauyen duniya. Da kuwa wata uwa ta yi ƙyuya ba ta koya wa 'yarta ba, da sanin ya mutu tare da ita.

Abin da za mu koya

Yara, darasi biyu ke cikin wannan labari. Na ɗaya, kada a raina ƙaramin abu, gama da yayyafi kogi kan cika. Na biyu, aikin da ya gagari mutum ɗaya ba ya gagarar jama'a, sana'a kuma ba ta daɗewa sai masu ita suna zama tare, babba yana nuna wa ƙarami.

Ku ma kuna iya gwadawa. Ku roƙi telan unguwarku ya tara muku guntayen yadi. Ko wane ɗan aji, namiji da mace, ya yanka tara daidai wa daida, ya ɗinka gida ɗaya. In ku 42 ne a aji, kun ga fuskar bargo ta samu ke nan. In ba ku kai ba, ku yi shimfiɗar teburin malam. Sai dai ku tuna da rubu'in incin nan, don gidan kowa ya haɗu da na maƙwabcinsa.

Tambayoyi

1. Hawa nawa ne bargon ƙyallaye? Faɗi amfanin ko wanne.
2. Ina kamar da ke tsakanin bargon nan da lifidi?
3. In bargo yana da gida 5 a faɗi, 6 a tsawo, ko wane gida da ƙyalle 9, ƙyalle nawa ke nan duka?
4. Me ya sa ake yin gayyar ɗinki a ƙarshen mako yanzu?
5. Wace sana'a ce ake yi wa gayya a garinku? Rubuta labarinta a taƙaice.