Hampi: Birnin tarihi a gaɓar Tungabhadra da aka raba da mazaunansa

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar Rupee 50 da Indiya ta fitar a 2017 ya ga Hampi, ko da bai san sunan ba. Karusar dutsen da ke bayan takardar tana nan a gaɓar kogin Tungabhadra, cikin jihar Karnataka, kimanin kilomita 350 daga Bengaluru, birnin da ɗalibai da masu jinya daga ƙasashenmu suka sani sarai. Da yawansu kan yi watanni tsakanin asibiti da masauki, su dawo gida ba su ji labarin cewa tafiyar kwana guda a jirgin ƙasa ce ta raba su da kufan ɗaya daga cikin manyan biranen duniya na ƙarni na 16 ba.

Jirgin da ake kira Hampi Express yana tashi daga Bengaluru da dare, gari na wayewa ya sauke fasinja a Hosapete. Daga nan kilomita 13 ne, a bas ko adaidaita. Abin da ke fara tarbar baƙo duwatsu ne. Ɗan Damagaram zai ji kamar ya koma gida, sai dai a nan duwatsun sun hau kan juna har iya ganin ido, ga gonakin ayaba da rake da shinkafa kore shar a tsakaninsu. Wasu daga cikin magudanan da ke kai wa gonakin ruwa tun zamanin sarakunan birnin aka haƙa su, kuma har gobe suna aiki.

Hampi shi ne babban birnin daular Vijayanagara, wadda wasu ƴan uwa biyu, Harihara da Bukka, suka kafa a 1336. Abdur Razzaq, jakadan sarkin Hirat, ya iso birnin a 1443, ya ba da labarin ganuwa bakwai da suka kewaye shi. Wajen 1520 wani ɗan kasuwar Fotugal, Domingo Paes, ya kwatanta girmansa da na birnin Roma. Lokacin mulkin Krishnadevaraya ke nan, daga 1509 zuwa 1529, sa'ad da ake cinikin lu'ulu'u a kasuwanninsa, ana kuma shigo da dawakai daga ƙasashen Larabawa da Farisa ta teku. A 1565 sarakunan Musulmi na Deccan suka haɗa kai suka ci daular a yaƙin Talikota, aka kashe jagoranta Rama Raya, aka yi watanni ana kwasar ganima da rushe-rushe. Birnin bai sake tashi ba.

A Indiyar yau akwai masu son a karanta wannan labari a matsayin yaƙin addini zalla, kuma baƙo zai iya jin haka daga bakin wasu ƴan rakiya. Gine-ginen kuwa wani abu daban suke nunawa. Sarki Deva Raya na biyu ya ɗauki Musulmi aikin soja, akwai unguwarsu a cikin birnin, kuma masallaci da hubbaren wani kwamanda mai suna Ahmad Khan, na shekarar 1439, suna nan tsaye. Bargar giwayen fada, mai ɗakuna 11 a jere, kubbobinta irin na masallatai ne. Shi kansa Rama Raya ya sha ƙulla ƙawance da wani sultan domin ya yaƙi wani. Rikicin mulki ne kamar na ko'ina.

Gine-ginen da suka rage sun haura 1,600, a fili mai faɗin murabba'in kilomita 41. Kwana ɗaya ba ya isa. Mafi yawansu kango ne, ba a bauta a cikinsu. Wanda ya fita daban shi ne haikalin Virupaksha, mai hasumiyar da ta kai kusan mita 50, wanda ya girmi daular kuma har yanzu mabiya addinin Hindu ke ibada a ciki. Ana barin wanda ba Hindu ba ya shiga, da sharaɗin ya tuɓe takalmi. Wanda bai son shiga zai iya hawa dutsen Hemakuta da ke gefe ya hango farfajiyar daga sama. Ya dai riƙe ledar ayabarsa da kyau, don biran wurin ba su da kunya.

Karusar dutsen tana cikin haikalin Vittala, inda kuma ake da ginshiƙai 56 masu fitar da sauti idan an ƙwanƙwasa su. An hana taɓa su yanzu, saboda hannun masu yawon buɗe ido ya fara cinye dutsen. Tikitin shiga na baƙon waje Rupee 600 ne, wajen jika huɗu na sefa, ɗan ƙasa kuwa 40 yake biya.

Doguwar kasuwar da ta miƙe daga ƙofar Virupaksha ita ce wurin da ya kamata baƙo ya tsaya ya duba da kyau. Rumfuna ne na dutse a jere, dama da hagu, fiye da rabin kilomita, ba kowa a ciki. A hoto suna da kyau. To amma kafin 2011 mutane ne ke zaune cikinsu. Sun toshe tsakanin ginshiƙai da bulo, sun yi ɗakuna da shaguna da wuraren cin abinci, wasu iyalan sun yi shekaru da dama ba su san wani gida ba. A ƙarshen Yulin 2011, bayan umarnin babbar kotun Karnataka, motocin rusau suka shigo, aka tashi ɗaruruwan iyalai. An ba wasunsu filaye a wani sabon matsuguni da ake kira New Hampi, nesa da hanyar baƙin da suke ci da su.

Hujjar hukuma ba ta banza ba ce. UNESCO ta saka Hampi cikin kayan tarihin duniya a 1986, sannan ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari daga 1999 zuwa 2006, musamman saboda gadojin da aka fara ginawa a kan kogin. Babbar gadar Anegundi, da aka dakatar da aikinta aka sake komawa, ta rufta a Janairun 2009 ta hallaka ma'aikata. Siminti da hayaƙin girki kuma suna lalata dutsen da ya shekara 500. Sai dai tambayar da mazaunan suka yi ta yi ita ce, don wa ake adana wurin idan sai an kore su? Rusau ya sake dawowa a Maris na 2020, wannan karon a tsibirin Virupapur Gaddi da ke tsallake, inda ƙananan masaukai masu araha suke, bayan kotun ƙolin Indiya ta ce ba bisa ƙa'ida aka gina su ba. Wanda ya san Agadez, da ya shiga jerin UNESCO a 2013 kuma jama'a na zaune a tsohon garinsa, zai gane nauyin wannan tambaya. A can ma mai gida ba ya gyara katangarsa yadda ya ga dama, amma ba a raba shi da ita ba.

Ga mai niyyar zuwa, lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Oktoba zuwa Fabrairu, domin daga Maris zafi kan kai digiri 40 kuma dutsen na ƙona tafin ƙafa. Indiya na da ofishin jakadanci a Yamai, kuma ba ta wasa da katin rigakafin shawara ga wanda ya fito daga Nijar. Kusa da haikali ba a sayar da nama, sai shinkafa da wake da kayan lambu. Mai neman nama ko masallacin Juma'a sai ya koma Hosapete. Yawon dare a wuraren da ba jama'a kuma a bar shi: a Maris na 2025 wasu mutum uku sun far wa baƙi a bakin wata magudanar ruwa kusa da Sanapur, suka yi wa mata biyu fyaɗe, wani matashi ɗan jihar Odisha ya rasa ransa.

Tsallaka kogin zuwa Anegundi da ƙaramin jirgi mai inji ake yi, ko kuma a yi yawo kan ruwan cikin wani kwale-kwale zagayayye kamar ƙatuwar ƙwarya, wanda aka saƙa da gora aka shafe shi da kwalta. Ruwan yana da ƙarfi fiye da yadda yake nunawa, kuma an kafa allunan hana iyo. Da damina, idan aka buɗe ƙofofin madatsar Tungabhadra da ke kusa da Hosapete, wadda aka kammala a 1953, ruwa kan shanye rumfunan da ke bakin gaɓa, a dakatar da fito gaba ɗaya. A irin wannan lokaci sai an zagaya ta gada a mota, tafiyar da kan kusan cinye awa guda.