Gajiyar Ajiye Sanda: Abin da ke Samun Falke a Makonnin Farko

A wannan fitowa muna so mu taɓo wani al'amari da ba a cika kawo shi zauren taro ba, domin mai fama da shi kunyar faɗa yake ji, watau gajiyar da ke kama mutum bayan ya ajiye sanda ya bar hanya. Mu nan Birikiteri, kusan kowace shekara sai mun ga ɗaya daga cikin yayyenmu ya miƙa wa ɗansa ko yaron gidansa ragamar fatauci. A yi addu'a, a ci abinci, kowa na cewa Alhaji ya huta. Kafin mako biyu sai labari ya fito daga cikin gida cewa Alhaji ba ya jin daɗin jikinsa, barci ba dare ba rana, gaɓoɓi sun mutu, ga saurin fushi. Mutumin da ke kwana biyu bisa tirela bai ce wash ba, yanzu zuwa masallaci ya zame masa aiki.

Ma'aikacin gwamnati ya san ranar ritayarsa tun da sauran shekaru, ga fansho yana jiransa. Falke kuwa ba takarda ke sauke shi ba. Gwiwa ce ke ƙi, ko ido ya rage gani, ko 'ya'ya su taru su roƙe shi. Gaskiya ne tun 2014 hukumar CNPS ta buɗe wa masu sana'ar kansu ƙofar yin zubi don fansho, kuma muna shawartar matasanmu su bincika, amma waɗanda muke magana a kansu sun riga sun manyanta lokacin da aka buɗe ta. Saboda haka saukarsu ta bagatatan ce, jiya suna kara, yau suna zaure.

To, daga ina wannan gajiya take fitowa? Kowa a cikinmu ya san halin shanun da suka sha tafiya. A kan hanya suna tsaye daram, sai an sauke su sun sha ruwa sannan za ka ga sun zube, wata saniyar ma sai da sanda za ta miƙe. Ɗan Adam ma haka yake. Muddin akwai fargaba, jiki na fitar da wasu sinadarai da ke tsayar da mutum, su ɓoye masa gajiya. Fargaba kuwa ita ce abincin falke: tun daga cinikin Ngawi ko Ngaundare, zuwa neman tarago ko mota, zuwa shingayen hanyar Maiganga, Garwa-Bulai da Bartuwa, zuwa tsoron kada sa ya faɗi cikin lodi sauran su tattake shi. Iyayenmu da ƙafa suka riƙa koro garke ta Tibati da Yoko kafin layin dogo ya isa Ngaundare a 1974. Jirgin ya rage kwanaki, tafiyar fiye da kilomita 600 ta zama ta ɗan lokaci, amma bai ƙara wa kowa barci ba. Waɗannan yayye namu su ne suka ga bushiya ta 1983, suka kuma ga faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994, lokacin da kuɗin hannun mutum ya rasa rabin ƙarfinsa a waje cikin dare guda. Wanda ya shekara talatin ko arba'in cikin irin wannan hali, ranar da fargabar ta yanke, jiki zai fito da lissafinsa. Babba baligi na bukatar barcin awa 7 zuwa 8, mu kuwa nawa ne cikinmu suka taɓa samun haka a lokacin kasuwa?

Abu na biyu shi ne rushewar lokaci. Da, agogon falke kasuwa ce. Ya san ranar da ake lodi, ya san lokacin da mahauta ke zuwa, ya san sa'ar da ake kai dabba mayankar Etudi. Jiki ya saba, shi ke tayar da shi ko ba ladan. Da an cire wannan, sai mutum ya koma barci bayan Asuba har hantsi, ya sake kwanciya bayan Azahar har La'asar ta kusa kuɓuce masa, da dare kuma ido ya bushe. Gari ya waye yana jin kamar an yi masa duka. Ba ƙarancin barci ke damunsa a nan ba, barcin ne ya warwatse.

Ga kuma zama. A kara mutum na yini tsaye, yana zaga shanu, yana taɓa tozo, yana kaucewa ƙaho, bai taɓa kiran wannan motsa jiki ba, amma shi ne. Naman jikin dattijo na saurin sakwarkwacewa, mako biyu ko uku na zaman tabarma sun isa ya ji bambanci a cinyoyinsa. Yawunde kuwa garin tudu da gangare ne, ba ya rufa wa mai raunin ƙafa asiri. A haɗa da ci. Yana gida, uwargida na son ta nuna kulawa, abinci sau uku da mai da nama, ga soyar unguwarmu da ake zuwa ci daga ko'ina cikin gari. Ciki ya yi nauyi, ƙafa ba ta aiki.

Akwai wani ƙaramin dalili da ake mantawa, shi ne goro da shayi. Mai hanya kan ci goro don ya kore barci. In ya zauna gida ya rage shi farat ɗaya, sai ciwon kai da kasala su biyo baya, tun daga rana ta farko ko ta biyu, su ɗauki mako guda ko ɗan fiye. Wannan mai wucewa ne. A rage shi sannu a hankali, a kuma daina ci bayan La'asar.

Amma a ganinmu, wanda ya fi duka nauyi ba a gaɓoɓi yake ba. Jiya waya ba ta hutawa, daga Mubi, daga Duwala, daga Kiye-Osi, kowa na neman jin farashi daga bakinsa. Yau sai ta yini ba ta yi ƙara ba, in ta yi kuma mai neman taimako ne. Dillalan da ke durƙusa masa sun koma wa yaron da shi ya koya wa gane shekarun sa ta haƙori. Namiji ba ya cewa wannan na yi masa ciwo, sai ya ce jikinsa ne ba daɗi. Sannan ga bashi. Kowa ya san cinikinmu bisa amana yake tafiya, mahauci ya ɗauki sa, ya biya bayan ya sayar da nama. Da yawa daga cikin dattawanmu littafinsu a ka yake, su kaɗai suka san wa ke riƙe da nawa. To ya ajiye sanda, amma kuɗinsa na hannun mutum goma sha, da dare yana juyi yana lissafi, ina hutu a nan? Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, mun karanta ta tun muna Islamiyya, amma a kara sai mu ga kamar rubutu rashin yarda ne.

A nan ne haɗarin yake. Cikin mako na uku ko na huɗu, sai Alhaji ya yanke hukunci cewa zama ne zai kashe shi. Ya karɓe jari daga hannun yaron, ya hau mota da gwiwar da ta riga ta ƙi. Yaron ya ji an wulaƙanta shi a gaban abokan ciniki, masu bashi su rasa wanda za su biya, gida ya rabu biyu. Alhali da ya ƙara haƙuri, wannan gajiya na iya sassautawa, in an sa wa yini tsari.

Tsarin ba wani abu ne mai wuya ba, salloli biyar sun riga sun yanka mana yini. Bayan Asuba kada a koma shimfiɗa, a fita a sha hasken safe, domin shi ke daidaita wa jiki lokacin barci. A taka da ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa minti 150 a mako, watau kamar rabin awa sau biyar, kuma daga Birikiteri zuwa masallacin Tsinga ko kasuwar Mokolo da dawowa ya wadatar. Ƙailula ta zama gajera, kada ta wuce rabin awa. Ya fi kyau kuma a sauka mataki-mataki: a bar hanya tukuna, a riƙe zuwa kara sau ɗaya ko biyu a mako, ana zama ana ba da shawara, ba a karɓar kuɗi da hannu. Kafin ranar miƙa ragama a zauna da shaidu biyu a rubuta duk bashin da ke waje, a kai yaron gaban kowane mahauci a ce ga wanda za ka biya. Ku kuma matasa, don Allah ku riƙa kiran Baba kuna tambayarsa ko da kun san amsar. Ƙungiya ma na bukatar irinsu wajen sasanta rikicin la'ada da na dabbar da ta mutu a hanya.

Sai dai ba kowace gajiya ce ta ajiye sanda ba, kuma kada a fake da wannan rubutu a ƙi zuwa asibiti. Shekarun barin hanya su ne shekarun hawan jini da ciwon suga, da yawa kuma sun daɗe da su, hidima ce ta hana su lura. In gajiyar ta zo da yawan ƙishirwa, da tashi fitsari sau da yawa da dare, da ramewa ba dalili, a auna suga. In akwai haki wajen hawa ɗan tudu, ko kumburin ƙafa, ko nauyi a ƙirji, wannan ba abin jira ba ne, a tafi ranar. Mu masu hulɗa da shanu muna da namu na daban. Zazzaɓin da ke zuwa ya tafi, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, ba kullum ne na cizon sauro ba, yana iya zama bakkale, wadda ake ɗauka daga ɗanyen nono ko taɓa ɓarin saniya. Tarin da ya wuce mako biyu a gwada shi, domin tarin fuka ma na ratsowa daga shanu. Haka nan in mutum ya yi mako biyu ko fiye ba ya sha'awar komai, ba ya son ganin jama'a, abinci ba ya masa daɗi, wannan ma ciwo ne da likita ke dubawa, ba raunin imani ba. Wanda zai je awon suga ya je da safe bai karya ba, ya kuma gaya wa likita tun farko cewa sana'arsa shanu ce, domin ba kowane gwaji ake yi ba sai an san haka.