Maki Asakawa: Matar da ta rera jaz da harshen uwarta

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Yau Japan muka nufa, wajen wata mawaƙiya mai suna Maki Asakawa. Kafin mu kai gare ta, bari mu ga yadda jaz, kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, ya yi gindi a can. Tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu ana jin sa a Japan, amma bayan an ci ƙasar da yaƙi a 1945, sojojin Amurka suka mamaye ta har zuwa 1952, kuma sansanoninsu ba su tashi ba ko bayan nan. Sojojin nan suna son kiɗan gida, su kuma matasan Japan suna neman na abinci. A kulob-kulob na sansanonin nan makaɗa da yawa suka koyi sana'a.

An haifi Maki a 1942 a yankin Ishikawa, can gaɓar teku, nesa da Tokyo. Da ta gama sakandare ta samu aiki a ofishin hukumar garinsu. Aikin gwamnati fa, mai albashi duk wata. Ba ta daɗe ba ta ajiye shi ta kama hanyar Tokyo. Ta yi shekaru tana waƙa a sansanonin Amurkawa da gidajen rawa na dare, tana koyi da Billie Holiday da Mahalia Jackson. Faifanta na farko ya fito a 1967, bai yi wani tasiri ba.

Ƙofa ta buɗe mata ne a 1968, lokacin da marubuci kuma mai shirya wasan kwaikwayo Shuji Terayama ya tsaya mata ta yi wasa ita kaɗai a wani ɗan ƙaramin zaure a unguwar Shinjuku. Shekarar nan ɗaliban jami'o'in Japan suna tsaka da zanga-zanga, Shinjuku kuma nan ce matattararsu. Muryarta mai kauri da nauyi ta zo daidai da halin da suke ciki. A 1969 ta fitar da Yo ga Aketara, wato "in gari ya waye", wadda ita ta rubuta kuma ta tsara kiɗanta. Kundinta na farko ya biyo baya a 1970.

To ga abin da ya sa na zaɓe ta. Yawancin mawaƙan jaz na Japan da Turanci suke rerawa, don a ganinsu haka ne asalin abin. Ita kuwa sai ta riƙa ɗaukar tsofaffin waƙoƙin baƙin ciki na baƙaƙen Amurka, irin na su Bessie Smith, tana sake rubuta kalmominsu da Japananci, ta kuma haɗa da nata na kanta: kaɗaici, giya, tashar jirgi, mutanen da dare ne ranarsu. Wannan aiki ba wasa ba ne, domin gaɓoɓin Japananci ba sa hawa kan wannan kiɗa cikin sauƙi. A ganina nan gwanintarta take, fiye ma da muryar.

Kuma mace ce mai taurin kai a kan aikinta. Kullum baƙaƙen kaya, baƙin tabarau, ga sigari. Da wuya a gan ta a talabijin, ta fi son ƙananan wurare irin Pit Inn na Shinjuku. Ta yi aiki da manyan makaɗa kamar Yosuke Yamashita da Ryuichi Sakamoto. Da faifan CD ya zo, ba ta gamsu da sautinsa ba, ta fi yarda da faifan garmaho, don haka kundayenta da dama suka daɗe ba a sake buga su ba. Ko shakka babu wannan ya rage mata kasuwa da masu sauraro.

Ta rasu ranar 17 ga Janairu, 2010, a birnin Nagoya, inda ta je yin wasan kwana uku. Saura kwana goma ta cika shekara 68. Sai a 2015 kamfanin Honest Jon's na Landan ya tattara zaɓaɓɓun waƙoƙinta ya fitar, a nan ne da yawa daga mutanen waje suka fara jin muryarta.

Wanda zai nema, ya fara da Yo ga Aketara, kuma da daddare ta fi daɗin ji. Sai mun haɗu a shiri na gaba.