MAIGIDA, KAI AN GWADA KA?

 

Sau da yawa mutum zai zo wurina yana nema wa matarsa maganin haihuwa. Wani har ya ƙara aure, amaryar ma shiru. In na ce, "Kai fa, an gwada ka?" sai ya ce, "Haba Malam, ai ni lafiyata ƙalau, ina biya wa iyali buƙata." To ɗan uwa, ƙarfin kwanciya daban, ƙwayar haihuwa daban. A kusan rabin gidajen da haihuwa ta yi jinkiri, akwai matsala ta ɓangaren namiji.

Ka ji yadda Allah Ya tsara jikinka. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwarka akwai wata 'yar tsoka da ba ta wuce ƙwayar wake ba. Ita ke aika sinadarai biyu ta cikin jini zuwa maraina. Na farko LH, shi ke sa su samar da testosteron, sinadarin mazakuta. Na biyu FSH, shi ke tura su ƙera ƙwayoyin maniyyi. Idan likita ya ga FSH ya hau sosai alhali ƙwaya ta yi ƙaranci, ƙwaƙwalwa ce ke ta kira, maraina ba sa amsawa. Idan kuwa duka sun yi ƙasa, saƙon ne ba ya fitowa, kuma wannan sau da yawa yana jin magani. Akwai kuma prolaktin, mai kawo wa mace ruwan nono. In ya yi yawa a jikin namiji, yakan danne sauran, sha'awa ma ta mutu.

Abin da ya fi damuna shi ne allurar testosteron da wasu ke zuwa kemis a yi musu, wai don ƙarin ƙarfi. Wallahi ka kiyaye! Da ƙwaƙwalwa ta ga sinadarin ya cika jini, sai ta ɗauka aiki ya wadata, ta daina aike. Maraina su kwanta, ƙwaya ta ragu, ta wani ma ta ɗauke gaba ɗaya. Kana jin kanka zaki, rumbu kuwa wayam. Bayan an daina, akan ɗauki watanni kafin ta dawo.

Zuma da habbatus sauda alheri ne, ni ma ina bayarwa, amma ba za su gaya maka inda cutar take ba. In kun shekara tare babu ciki, je asibiti a gwada maniyyi, bayan ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7. Kar ka sa ranar gwajin da rana cikin azumi. Jini kuma da safe ake ɗiba, kafin ƙarfe 10, don lokacin testosteron ke sama.

In an ɗora ka a kan magani, yi haƙuri. Ƙwaya takan ɗauki kamar kwana 74 kafin ta nuna, don haka sai bayan wata 3 ake sake gwaji. Ka lazimci addu'ar Annabi Zakariyya (AS) da ke Suratul Anbiya'i, aya ta 89.

Allah Ya ba mu zuriya ɗayyiba. Wassalam.